Injin haƙar Bitcoin a ɗakin haya a Nima: fara duba mitar wuta

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan unguwar Nima ne a Accra, ina gyaran waya a Circle. Na tara 'yan kuɗi, wani abokina kuma ya ce zai sayar mini da injin haƙar Bitcoin ɗan gwanjo, Antminer S19, in ajiye a ɗakina yana kawo kuɗi ko ina barci. Gidan haya nake, mita ɗaya muke rabawa da maƙwabta. Da me zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanina. Kafin ka miƙa wa abokin naka ko sidi ɗaya, ɗauko biro da takarda ka tsaya gaban mitar gidanku, domin ita ce za ta faɗa maka ko wannan sana'a za ta yiwu.

Bitcoin kuɗin intanet ne, abin da ake kira haƙarsa kuma ba tono ba ne, gasa ce. Injuna a duk duniya suna ta canke-canken lambobi, kusan duk minti 10 ɗaya daga cikinsu ya dace, a ba shi lada. Tun watan Afrilun 2024 ladan ya ragu daga Bitcoin 6.25 zuwa 3.125, kuma haka yake rabewa biyu kusan duk shekara huɗu. Idan injuna suka ƙaru, tsarin da kansa yake ƙara wa canken wuya duk bayan mako biyu. A 2024 ƙarfin injunan duniya gaba ɗaya ya haura terahash (ma'aunin saurin canken inji) miliyan 500, S19 ɗin da ake maka tayi kuwa kamar 95 yake yi. Shi ya sa da wuya ka ga wanda yake haƙa shi kaɗai. Gayya ake shiga, irin su F2Pool ko AntPool, a haɗa ƙarfi a raba lada gwargwadon aikin kowa. Kason injin ɗinka a rana ba zai kai 0.0001 na Bitcoin ba, kuma raguwa yake yi da tafiyar lokaci.

Yanzu ga abin da yake ci. S19 yana jan wat 3,250, dare da rana ba hutu. Wato yunit 78 a kwana ɗaya, sama da yunit 2,300 a wata. Ka duba rasidin kuɗin wutar da kuke saya wurin kamfanin wuta na ECG ka ga nawa yunit ɗaya yake, ka ninka. Ka kuma tuna farashin da PURC, hukumar da ke tsara kuɗin wuta, take yankewa hawa-hawa ne: gidan da ya wuce yunit 300 a wata ya shiga matakin da ya fi tsada, kai kuwa cikin kwana huɗu za ka wuce shi. Manyan masu haƙa suna bin inda wuta take da arha ƙwarai, kusa da madatsun ruwa ko rijiyoyin gas. Da kuɗin wutar gida a Accra, tsohon inji irin wannan yakan ci fiye da abin da yake kawowa. Tunda mita ɗaya gare ku, hajiyar da take sayar da ƙanƙara a gidan da mai ɗinkin da ke zaure su ma za su biya maka, kuma wannan haƙƙi ne da ba zan so ka ɗauka ba. Wanda ya ce maka a ja waya ta bayan mita, sata yake koya maka, ga hukunci ga haɗarin gobara.

Na taɓa zuwa duba wani a Madina da ya jona igiyoyin injinsa biyu a soket ɗaya na bango. Tun daga ƙofa na ji ƙaurin roba. Soket ɗin ya yi baƙi ya narke ya manne da fulogi, sai da suka kashe wutar gidan muka ɓamɓare shi da sukundireba. Soket irin namu amfiya 13 yake ɗauka, injin kuwa kamar 14 yake ja ba tsayawa. Layinsa daban yake so, da waya mai kauri da abin katse wuta nasa, a hannun ƙwararren mai wayarin. Ƙararsa ta kai disibel 75, ba a barci kusa da shi. Duk wutar da ya sha zafi take komawa, kamar ka kunna dutsen guga uku ka rufe ɗaki a watan Maris. Ƙurar hunturu tana toshe masa fanka, dumsor kuma, wato yawan yankewar lantarki, duk sa'ad da ya ɗauke wuta ladanka ya tsaya. Janareta ma ba mafita ba ce, man zai cinye komai.

Kada kuma wani a kasuwar waya ta Tip Toe Lane ya sayar maka da katin hoto na kwamfuta da sunan haƙar Ethereum, wani kuɗin intanet irin Bitcoin. An daina haƙarsa tun Satumban 2022. Danne-dannen waya irin na wasan Hamster Kombat su ma ba haƙa ba ne. Masu cewa ka tura kuɗi ta MoMo su haƙa maka a wata ƙasa da riba tsayayya duk mako, ka guje su. Mun ga yadda mutanenmu suka yi kuka a 2018 da aka dakatar da Menzgold, kamfanin zinaren da ya karɓi kuɗin mutane da alkawarin riba, kuma alkawarin iri ɗaya ne.

Idan ilimin kake so, ina goyon bayanka ɗari bisa ɗari, musamman da hannunka ya saba da dalma da allon waya. Nemi ƙaramin inji irin Bitaxe, wanda bai fi tafin hannu ba, wutarsa kamar wat 20. Kuɗin kirki ba zai kawo maka ba, amma a kansa za ka koyi shiga gayya, duba zafin inji, da buɗe lalitar kirifto taka, wato asusun ajiye kuɗin intanet. Kalmomin sirri 12 ko 24 da za ta ba ka, rubuta su a takarda ka adana, kada ka ɗauke su hoto a waya.

Idan har zuciyarka na kan S19 ɗin, ka ce abokin naka ya kunna shi yini guda a gabanka, ka buɗe shafin injin ka tabbatar allunansa uku duk suna aiki. Sai ka aiko mini da farashin yunit ɗin da ke kan rasidinku, mu yi lissafin tare.