Amincewa da ƙungiyar Agadas

Malam, ka tambaya ko ya kamata ƙungiyarku ta Gombe ta amince da wata ta Agadas da ke neman ku haɗa kai don kare 'yan ci-ranin da Aljeriya ke korowa. E, ku amince, amma ku fara da musayar labari, maganar kuɗi ta biyo baya.

Mu sunayen samari uku 'yan Dukku muka fara tura wa abokanmu na Nijar, bayan an zubar da su a hamada, kilomita 15 daga Assamaka, garin Nijar da ke kusa da iyakar Aljeriya. Kafin mako ya zagayo suka kira mu ta WhatsApp, samarin na zaune gefensu, ƙafafu duk sun kumbura. Sharaɗi ɗaya dai: kada ku wallafa sunan wanda aka koro sai da yardarsa, don jami'an kan iyaka ma suna karantawa.