Mota na jan ƙafa wajen tashi da safe, batir ne ko kik?

Ɗan'uwa, ka ce tsohuwar motarka in ka murɗa makulli da safe sai ta yi ta gurnani kafin ta kama, wani lokaci ma sai an tura, kuma kana shirin sayen sabon batir. Dakata tukuna. Buɗe bonet ka duba kan batirin, in ka ga farin gari ya taru ko taminal, wato maɗaurin waya a kan batir, na motsi da hannu to ka kwance, ka fara cire na negatif mai alamar (-), ka wanke da ruwan zafi ka goge da sanfefa ka ɗaure tam, wallahi sau da yawa nan matsalar take ƙarewa. Ka duba wayar at ɗin, wato wadda ta haɗa negatif da jikin inji, ita ma tana cin tsatsa.

In bai yi ba, ka je wajen mai wayarin ya sa mita. Batir mai lafiya in mota na kashe zai nuna volt 12.6, in ana kik kada ya faɗi ƙasa da 9.6, in inji na aiki kuma ya nuna wajen 14. In ya tsaya a 12 da ɗoriya altaneta, mai yi wa batir caji, ce ba ta caji ko fambel ɗin da ke juya ta ya saki, ko sabon batir ka sa kwana kaɗan zai kwanta.

Zafin Katsina shi ke cinye batir tun bazara, sanyin hunturu kawai yake tona asiri. Amma in fitilu na haske tar kuma "ƙas" kawai kake ji, a sauke kik, wato na'urar da ke tada inji, a duba burushin cikinsa. Batiran tokumbo na bakin titi kuwa ni dai ba na ba da shawara.