Amsa ga ƙanwata mai tambaya a kan marainiyar da ta ƙi barin alƙalaminta

Assalamu alaikum. Ƙanwata, tun bayan sallar Isha'i na karanta tambayarki, amma ban iya amsawa ba sai yanzu da yara suka kwanta, domin kin taɓa mini mikin da nake zaton ya warke. Kin ce littattafai uku kika rubuta, kuma ko da soyayya kika fara sai marainiya da kishiyar uwa sun kutso cikin labarin. Masu karatu sun fara cewa labari ɗaya gare ki, a gida kuma ana cewa kina tona asirin mahaifinki, shi ya sa kike tambaya ko ki ajiye alƙalami ko ki tilasta wa kanki wani jigon. Ni ma haka nake, sai dai tawa mai takaba ce.

Maigidana, Allah Ya jiƙansa, yana cikin waɗanda suka rasu a tashin bam na babbar kasuwar Gombe ranar 16 ga Yuli, 2015, jajiberin ƙaramar Sallah. Atamfa yake sayarwa, kuma da safen nan ya ce mini in jiƙa shinkafar waina zai taho da kaji. Da lalle a ƙafata na shiga asibiti ina ɗaga zannuwan da aka rufe mutane da su. Duk wanda yake garin nan ya san ranar, ba sai na ƙara ba. Abin da ya fi zauna mini a rai ma ba ranar ba ce, abin da ya biyo bayan sadakar arba'in ne, lokacin da Baffan yara, wato yayan marigayi, ya shigo da wani littafin lissafi ya ce shagon tun asali da jarinsa aka buɗe, kuma akwai bashin 'yan Kantin Kwari da ya cinye abin da ya rage. Ina zaune a kan tabarma cikin takaba, ba ni da ikon fita in bincika, ga marayu huɗu, ƙaramarsu tana goye. Na san da kuɗin awarwarona aka ƙara jarin shagon nan, domin ni na cire su daga hannuna na ba shi, amma ba mu rubuta ba, ba mu kafa shaida ba, wa yake neman shaida tsakaninsa da mijinsa? Da aka zo rabon gado, tumunin takabata bai kai kuɗin buhun masara biyu ba. Dada, mahaifiyar maigidana da yayansa, ta riƙe hannuna tana kuka ta ce in yi haƙuri kada in kai ɗanta gaban alƙali, ta rasa ɗaya kada a tozarta mata ɗayan. Na yi shiru saboda ita, kuma har yau in na tuna yadda ya lashi yatsa yana buɗe shafukan littafin nan a gabana, sai in ji ƙirjina ya yi nauyi.

Shirun nan ne ya koma rubutu. Bayan shekara biyu na fara sakin labari shafi-shafi a WhatsApp, kuma na sa masa komai nasa: irin hularsa, yadda yake gyaran murya kafin ya yi magana, har unguwar da yake zaune. Suna kawai na sauya. Masu karatu suka yi ta tsine wa mutumin cikin labarin, ni kuwa ina jin sanyi, ina ganin na samu kotun da aka hana ni. Ba a yi wata biyu ba labarin ya isa gidansu. Aka tara dangi a falon Dada, ya sa aka karanta shafi uku a gaban surukai da yara, ya kira ni marar tarbiyya mai sayar da gawar mijinta don a yaba mata, ya ce in na isa in bar sunan gidansu a kan 'ya'yana. Ba wanda ya tambaye shi shagon. Ko mutum ɗaya bai ɗaga baki ya ce to, ina gaskiyar maganar awarwaron ba.

Duk da haka, abin da ya sa na janye labarin ba zaginsa ba ne. 'Yarsa ce, yarinya 'yar aji biyar na sakandare wadda ni na yi mata kitson suna, ta same ni a bayan ɗaki ta ce ƙawayenta sun gane, suna kiranta 'yar mai cin dukiyar marayu. Wannan alhakin nawa ne, kuma ina roƙon Allah Ya yafe mini. Don haka ki duba da kyau, ƙanwata: shin kishiyar uwar da ke littafinki tana da 'ya'ya a duniya waɗanda za a nuna da yatsa? Ƙannenki ne fa, uba ɗaya.

Amma batun ki bar jigon, ban goyi baya ba ko kaɗan. Wanda ya ce miki labari ɗaya gare ki bai duba magabata ba. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙaramar yarinya, auren bai ɗore ba, ta koma neman ilimi da girmanta, kuma auren wuri da hana mace karatu su ne ƙashin bayan littafinta Wa Zai Auri Jahila? Nana Asma'u tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta tashi cikin yaƙi da rashi, ga marsiyyoyin da ta bari na ɗan'uwanta Muhammadu Bello da na mijinta Giɗaɗo. Nan kusa da mu a Bauchi, Abubakar Tafawa Ɓalewa da aka haifa a 1912 ya girma cikin mutanen da suka ga kamen bayi da idonsu, sai ga Shaihu Umar a 1934, labarin yaron da aka raba da uwarsa da uwar da ta bi sahara tana nemansa. Malam Sa'adu Zungur kuma gwagwarmayar siyasar da ya yi ta ƙare rayuwarsa a kanta, ita ce dai a cikin waƙoƙinsa har ya rasu a 1958. Kowannensu daga rijiyar gidansu ya ɗebo.

Na gwada guje wa tawa rijiyar. Na rubuta labarin 'yar attajiri mai yawo tsakanin Abuja da Dubai, ni da ban taɓa hawa jirgi ba, ya fito salam kamar miya ba gishiri, kuma a babi na tara sai da na kashe mijin ƙawarta na zaunar da ita takaba. A nan na sallama. Abin da na sauya shi ne yadda nake ɗebowa. Yanzu nakan rubuta zafin duka a littafin makaranta da biro, in ajiye a ƙasan akwati wata shida, in na dawo sai in ɗauki abin da ya shafi kowace mace in bar abin da ya shafi gidanmu kaɗai. Na kuma je na zauna da wasu mata masu takaba a Bolari da Pantami, na ji wadda dangin miji suka riƙe ta da mutunci har suka aurar mata da 'ya'ya, abin da ban taɓa tunanin sa wa a labari ba saboda ban gan shi ba. Ki nemi marayu irinki ki saurare su. Ki nemi ma wata matar uba ki ji ta bakinta, ko da zuciyarki ba ta so, domin ranar da na iya rubuta yayan miji mai tsoron talauci da bashi a wuyansa, ranar ce masu karatu suka daina tsinuwa suka fara muhawara.

Kuma don Allah kada ki riƙa rubutu da dare ke kaɗai in kin ji kuka yana zuwa, ni hawan jini na samu ta haka. Ki tashi ki yi alwala. Ki daina karanta sharhin masu karatu a ranar da kika saki shafi.

Ba ki faɗa mana ko mahaifinki yana raye ba. In yana raye, ki je ki gaishe shi kafin ki saki littafi na huɗu, ki faɗa masa da bakinki abin da kika gani kina ƙarama, ko da ba zai amsa ba. Ni Dada ta rasu ban taɓa gaya mata cewa shirun da ta roƙe ni ya yi mini tsada ba, kuma Baffan yara har yau in muka haɗu a wurin biki ko ta'aziyya kau da kai yake yi. 'Yarsa dai ta zo mini da jaririnta a Sallar da ta wuce, ta wuni, na yi mata dambu.