Tambayoyi da Amsoshi: Cin Zali Tsakanin Ɗalibai a Wayar Hannu

Tambayoyin da na zaɓo a wannan makon sun fito ne daga iyaye da malami da ɗalibi, kuma dukkansu a kan matsala ɗaya suke, wato yadda ake cutar da ɗalibai ta waya. Na ɓoye sunayen masu tambaya da na makarantunsu saboda yaran da abin ya shafa.

TAMBAYA: 'Yata tana aji uku na ƙaramar sakandare. Wasu 'yan ajinsu sun ɗauki hotonta tana gyangyaɗi baki buɗe, suka mayar da shi sitika, suka rubuta mummunan laƙabi a ƙasa, suna ta jefa shi a zauren WhatsApp na ajin. Yau kwana huɗu ta ƙi zuwa makaranta. Mahaifinta ya ce a karɓe wayar a goge WhatsApp ɗin kowa ya huta. Shin hakan daidai ne? Daga wata uwa a Kano.

AMSA: Hajiya, Allah ya kawo sauƙi. Ina roƙon ki da ki lallashi maigida ya dakata, domin goge manhajar zai tafi da hujjar da kuke da ita, alhali sitikar tana nan daram a wayoyin sauran yaran. Abin da ya kamata a fara yi shi ne tara shaida. Ki ɗauki hoton allon wayar a duk inda sitikar ko zagin ya bayyana, ki tabbatar lambar wanda ya turo da kwanan wata da lokaci sun fito a cikin hoton. Bayan haka ki shiga zauren, ki taɓa ɗigo ukun da ke saman allo, ki nemi inda ake fitar da kwafin hira, ki tura kwafin zuwa imel ɗinki ko wayarki. Kada a yi jinkiri a nan, saboda wanda ya tura saƙo yana da kimanin kwana biyu da zai iya goge shi daga wayar kowa, kuma wasu zaurukan an saita su ne yadda saƙonni za su ɓace da kansu bayan awa 24 ko kwana 7 ko kwana 90.

Idan shaida ta kammala, sai a koma kan maɓallai. Za a iya toshe lambobin masu zagin, a kuma kai ƙararsu ga kamfanin, wanda zai karɓi saƙonni biyar na ƙarshe da suka turo ba tare da sun sani ba. Tun shekarar 2022 mutum yana iya fita daga zaure a asirce, masu kula da zauren kaɗai ne ake sanar wa. A sashen sirri na saitin manhajar kuma akwai wurin da za ta zaɓi waɗanda ke da ikon saka ta a zaure, don kada a sake jawo ta ciki bayan ta fita. Sai dai gaskiyar da ba ta da daɗin ji ita ce babu wani maɓalli da zai cire sitikar daga wayar yaron da ya riga ya adana ta. Wannan aiki ne na makaranta da iyayen waɗancan yaran, shi ya sa nake so ki je wurin shugaban makarantar da hotunan a hannu, ki nemi a kira su.

Batun karɓe waya kuwa, ki yi la'akari da abin da yarinyar za ta fahimta. Ita aka zalunta, ta daure ta faɗa, sai kuma ya zama ita aka hukunta. Gobe idan abin da ya fi wannan muni ya same ta, za ta yi shiru ne don kada a raba ta da wayar. Idan tana buƙatar hutu daga wayar na 'yan kwanaki, a yi shawarar da ita, a kuma gaya mata a fili cewa ba ta yi laifin komai ba.

TAMBAYA: Ni malami ne a wata makarantar sakandare. Yawancin irin waɗannan rigingimu da dare suke faruwa, a gida, wani lokaci ma da wayar iyaye. Wasu abokan aikina suna cewa ba huruminmu ba ne tunda mun hana shigowa da waya makaranta. Mene ne ra'ayinka, kuma me za mu koyar? Daga wani malami a Zariya.

AMSA: Malam, abin da aka shuka da dare a waya, da safe a ajinka ake girbe shi. Yaran da ke cikin zauren ajinka ne ya haɗa su, sunan makarantarku da na ajin ne a saman zauren, kuma wanda aka ci wa mutunci a kan benci ɗaya zai zauna da waɗanda suka yi masa dariya. A shekarar 2019 hukumar UNICEF ta fitar da sakamakon jin ra'ayin matasa sama da 170,000 a ƙasashe 30, inda ɗaya cikin uku ya ce an taɓa cin zalinsa a intanet, ɗaya cikin biyar kuma ya ce ya taɓa ƙin zuwa makaranta saboda hakan da tashin hankali. Abin da ke hana ɗalibi zuwa aji ba zai yiwu malami ya ce babu ruwansa da shi ba.

Hana waya a harabar makaranta yana da amfaninsa wajen natsuwa a aji, kuma ƙasashe da dama sun bi wannan hanya. Faransa ta kafa doka a 2018 da ta hana ɗaliban firamare da ƙaramar sakandare amfani da waya a makaranta, Ostireliya kuma ta zartar da doka a ƙarshen 2024 da ta haramta wa 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar shafi a manyan kafofin sada zumunta. Amma hanin ƙofar makaranta ba ya bin yaro gida, kuma ba ya koya masa komai game da yadda zai zauna da mutane a inda babu malami. Wannan koyarwar ita ce masana ke kira zama ɗan ƙasa nagari a intanet, ni kuma na fi son in kira ta tarbiyyar zaman intanet, domin ba wani baƙon ilimi ba ne. Yaron da ya yi Islamiyya ya karanta aya ta 11 da ta 12 a Suratul Hujurat, inda aka hana izgili da jifa da miyagun laƙabba da bin diddigin mutane da cin naman wani, ya kuma karanta aya ta 6 da ta yi umarni da tantance labari kafin a yi aiki da shi. Abin da ya rage shi ne a nuna masa cewa sitika ma laƙabi ce, tura hoton wani zuwa zaure ma gulma ce.

A ganina kuskuren da makarantu suka fi yi shi ne tara ɗalibai a filin taro sau ɗaya a shekara a yi musu wa'azi a kan masu cin zali. Masu ƙirƙirar zagin ba su da yawa. Waɗanda ke ba abin rai su ne sauran, mai danna alamar dariya, da mai turawa wani zaure, da mai gani ya yi shiru. Su ya kamata darasin ya fuskanta. Ka zana allon waya a kan allon aji, ka rubuta wata ƙagaggiyar hira da aka fara da wasa ta rikiɗe ta zama wulaƙanci, sannan ka tambayi ɗalibai a wane layi ne wasan ya ƙare, kuma me mutum ɗaya zai iya rubutawa a daidai nan ya kashe maganar. Za ka sha mamakin yadda za su yi gardama a kai, kuma a cikin gardamar ne darasin yake shiga. Sai a haɗa da abubuwan hannu: yadda ake neman izini kafin ɗaukar hoton mutum, yadda ake kulle shafi, yadda ake kai ƙara, da dalilin da ya sa ba a bai wa ko amini kalmar sirri.

Ta fuskar tsari kuma, duk zauren da ke ɗauke da sunan aji ya kamata a san masu kula da shi, a kunna saitin da ke buƙatar amincewarsu kafin sabon mutum ya shigo, su kuma san cewa suna da ikon goge saƙon kowa daga zauren. A rubuta ƙa'ida gajera wadda iyaye za su sa wa hannu a taron iyaye da malamai, a kuma ware malami namiji da malama mace da ɗalibi zai iya samu a keɓe. Idan kuna neman ranar farawa, UNESCO ta ware Alhamis ta farko a watan Nuwamba don yaƙi da cin zali a makarantu har da na intanet, kuma an fara kiyaye ta a 2020.

TAMBAYA: Wani ya buɗe shafin Facebook da sunana da hotona yana zagin malamanmu. Za ka iya gano mini ko wane ne? Daga wani ɗalibi a Katsina.

AMSA: Ƙanena, ba zan iya ba, kuma duk wanda ya ce ka biya shi ya gano maka, kuɗinka yake so. Bayanan wanda ya buɗe shafi suna hannun kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, kuma hukuma kaɗai yake bai wa ta hanyar da doka ta tsara. Ka kwafi adireshin shafin, ka ɗauki hotunan abin da aka wallafa, ka shiga shafin ka kai ƙara ta zaɓin da ke cewa wani yana kwaikwayonka, ka kuma roƙi abokanka su yi haka. Gobe da safe ka riga labarin isa ofishin shugaban makaranta, tare da mahaifinka ko yayanka. Kada ka zargi kowa da suna a fili ba tare da hujja ba.

TAMBAYA: Shin akwai dokar da ke hukunta irin wannan a Najeriya, ko kuwa sai dai haƙuri? Daga wani uba a Kaduna.

AMSA: Alhaji, akwai Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024. Sashe na 22 ya shafi satar bayanan mutum da yin sojan gona da sunansa, sashe na 23 ya shafi hotunan batsa na yara, sashe na 24 kuma ya shafi tsangwama da barazana. A ƙarƙashinsa, saƙon da ya jefa mutum cikin fargabar kisa ko jin rauni yana iya jawo ɗaurin shekara 10 ko tarar aƙalla naira miliyan 25 ko duka biyun. Gyaran 2024 ya taƙaita ɓangaren farko na sashen, bayan Kotun ECOWAS ta yanke hukuncin cewa tsohuwar kalmominsa sun tauye 'yancin faɗin albarkacin baki, saboda haka ba kowane zagi ko ba'a ne ya zama laifi a ƙarƙashinsa ba. Rundunar 'yan sanda tana da cibiya ta musamman a Abuja da ke karɓar ƙorafe-ƙorafen laifukan intanet. Ra'ayina shi ne, idan rigimar ba'a ce tsakanin yara 'yan shekara 13 ko 14, zaman iyaye da makaranta ya fi ofishin 'yan sanda amfani ga kowa. Idan kuwa akwai barazana ga rai, ko neman kuɗi, ko hoton tsiraici, ko hannun wani baligi a ciki, to kada a tsaya sulhu.

TAMBAYA: Ƙanena mai shekara 16 ya yi hira da wata a Instagram, ya tura mata hoton da bai dace ba. Yanzu ana cewa ya turo kuɗi ko a watsa hoton ga 'yan makarantarsu. Ya roƙe ni kada in gaya wa kowa. Daga wani matashi a Jos.

AMSA: Ɗan'uwa, ka gode wa Allah da ya gaya maka. Mai yiwuwa babu wata yarinya a bayan shafin, gungun 'yan damfara ne, kuma a watan Yulin 2024 kaɗai kamfanin Meta ya sanar da rufe shafukan Instagram kusan 63,000 a Najeriya saboda irin wannan sana'a. Kada a biya ko sisi, domin wanda ya biya sau ɗaya ya nuna musu cewa zai sake biya. A ɗauki hoton barazanar da sunan shafin da lambar asusun da suka bayar, sannan a daina amsa musu, a kai ƙarar shafin, a toshe shi. Hoton tsiraicin kansa kuwa kada a tura wa kowa da sunan shaida, domin yaɗa shi laifi ne a ƙarƙashin sashe na 23. Akwai wani shafi na kyauta mai suna Take It Down, na wata cibiyar kare yara ta Amurka, wanda aka yi domin 'yan ƙasa da shekara 18. Hoton ba ya barin wayar, shafin yana ciro masa wata lamba ce mai kama da zanen yatsa, sai kafofi irin su Facebook da Instagram da TikTok su yi amfani da ita wajen gano hoton su cire shi. Ba ya aiki a cikin hirar WhatsApp saboda saƙonninta a kulle suke. Ka sanar da wani babba mai sanyin hali a gidanku a kai rahoto, kuma a 'yan kwanakin nan kada ka bar yaron shi kaɗai da damuwarsa, domin kunya ta sa wasu yara sun cutar da kansu.

TAMBAYA: Wace manhaja zan saka a wayar ɗana in riƙa karanta saƙonninsa bai sani ba? Daga wata uwa a Maraɗi.

AMSA: Hajiya, ba na ba da shawarar manhajojin leƙen asiri, domin da yawansu suna kwashe hotuna da saƙonnin yaron zuwa hannun mutanen da ba ki sani ba, kuma ranar da ya gano zai koma wayar aboki inda idonki ba ya kaiwa. Idan wayar Android ce, ki yi amfani da Family Link na kamfanin Google, kyauta ne, yana ba ki damar ƙayyade lokacin amfani da waya da amincewa da manhaja kafin a sauke ta, amma ba ya nuna saƙonni, kuma yaron zai san an saka. Ki tuna kuma cewa WhatsApp da Facebook da TikTok duk sun sa shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun buɗe shafi, don haka idan bai kai ba, ki rufe shafin ki bar shi ya riƙa karɓar saƙon aji ta wayarki.