Me ya sa motocin baje koli suke kwaikwayon tsofaffin motocin tsere?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ga hoton wata mota ta kamfanin Infiniti, doguwa siririya, tayoyinta a waje, kujera ɗaya tal. Na ɗauka tsohuwa ce ta zamanin kakanni, sai aka ce mini ai sabuwa ce, da lantarki ma take tafiya. Me zai sa kamfani ya koma baya haka? Ana sayar da irinta? Sannan tsakanin tsofaffin motocin tseren Grand Prix da waɗannan da ake nunawa a wuraren baje koli, wanne ya fi amfanar motar da muke hawa kullum?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Motar da ka gani sunanta Prototype 9, an nuna ta a taron motoci na Pebble Beach da ke Kalifoniya a watan Agustan 2017. Ba ta sayarwa ba ce, guda ɗaya aka ƙera. Bodinta ƙarfe ne da maƙera suka buga da hannu, injinta na lantarki ne daga Nissan, mai ƙarfin doki 148. Abin da ke ba ni dariya a kanta shi ne, sai a 1989 aka kafa Infiniti, ba su da wata tsohuwar motar tsere da za su tuna da ita. Zama suka yi suka zana wa kansu kakan da ba su taɓa yi ba.

Siffar da suka ara kuwa ba don ado aka yi ta ba tun asali. Dogon hancin nan, injin mai silinda takwas a jere ne ke kwance a ciki, dole ya yi tsawo. Tayoyi a waje, don duk abin da zai rufe su ƙarin nauyi ne, kuma direba yana son ya ga inda tayarsa ke taka. Sirantar jiki, don iska ta samu ƙaramin abin bugu. Duk wani lanƙwasa da ke jikin tsohuwar motar tsere, ko dai doka ce ta tilasta shi ko agogo.

An fara Grand Prix ne a 1906 kusa da garin Le Mans na Faransa, a kan titunan jama'a da aka rufe. Zagaye ɗaya kilomita 103 ne, ana yin shida a rana, kwana biyu. Motoci 32 suka tashi, 11 suka kai ƙarshe. Ferenc Szisz ne ya lashe a cikin Renault mai injin wajen lita 13, amma ƙarfinta bai wuce doki 90 ba, abin da ƙaramar motar gida ke bayarwa yau. Ba injin ne ya ba shi nasara ba, taya ce. Rana ta yi zafi har kwalta na narkewa, tayoyi suna ta fashewa, kuma doka ta ce direba da makanikensa da ke zaune gefensa su kaɗai za su taɓa motar. Yawancin 'yan tseren sai sun sa wuƙa sun yanke tsohuwar taya, su ɗora sabuwa, su yi mata iska a bakin hanya, minti goma sha biyar ta tafi. Renault kuwa ta ɗaura rim ɗin Michelin mai kwancewa, da taya a hure a jikinsa. A kwance noti, a zare, a mayar da wani, cikin 'yan mintoci an koma hanya. Ka ga ke nan tun ranar farko tsere ya fara koyar da abin da mai mota ke buƙata.

Shekara shida bayan haka Peugeot ta zo da injin mai kamshaf biyu a sama da bawul huɗu a kan kowace silinda, Georges Boillot ya ci gasar Faransa ta 1912 da shi. In ka taɓa ganin an rubuta 16V a murfin injin wata mota, to jikan wancan injin ne.

Wadda na fi so a duk zamanin ita ce Bugatti Type 35 ta 1924. Ka dubi ƙafarta kawai. Lokacin kowa wili mai sifokin waya yake amfani da shi irin na keke, sai Ettore Bugatti ya zuba nasa da alminiyam, mai faffaɗan hannuwa takwas, ya haɗe gangar birki a jikinsa. Da an cire wili, birki ya fito fili, makanike ya duba ko ya canza nan take. Sandar da ke riƙe tayoyin gaba kuwa rami ne a tsakiyarta don rage nauyi, sifirin ya ratsa ta cikinta. Motar ta ci tsere fiye da dubu, ta lashe Targa Florio a tsibirin Sisili sau biyar a jere daga 1925 zuwa 1929, ita ce kuma ta ci gasar Monako ta farko a 1929. Mai kuɗi na iya zuwa ya saya, ya tuƙa ta zuwa filin tsere, ya fafata, ya tuƙo abarsa gida.

Zamanin da masu zane suka fi kwaikwayo shi ne 1934 zuwa 1939. Masu shirya gasa sun ga gudu ya yi yawa, sai suka kafa doka cewa kada mota ta wuce kilo 750, ban da mai da taya da direba. A lissafinsu, mota mara nauyi ba za ta ɗauki babban inji ba. Injiniyoyin Jamus suka mayar da dokar abin wasa. Suka koma ƙarafa marasa nauyi, suka huda duk inda za a iya hudawa, suka cusa manyan injuna masu na'urar ɗura iska. Zuwa 1937 Mercedes W125 tana ba da ƙarfin doki wajen 600, adadin da motocin Formula 1, babbar gasar tseren motoci ta duniya, ba su sake kamowa ba sai farkon shekarun 1980. Auto Union, kamfanin Jamus da daga baya ya zama Audi, da zanen Ferdinand Porsche, ta sa injin mai silinda 16 a bayan direba, motar da sai gwanin gwanaye ke iya sarrafa ta a kwana. Kuɗin aikin kuwa har da tallafin gwamnatin Hitler, wadda ta mayar da tseren farfaganda. Wannan ɓangaren ba a cika ambatonsa a takardun talla ba.

Kyansu kyan ɗan maciji ne. Ka yi tunanin wannan ƙarfi a kan siraran tayoyi, birkin ganga, babu bel, hular direba ta ƙyalle ce ko fata, ga tankin mai a jikin bayansa. Ranar 28 ga Janairun 1938, a kan babban titin Frankfurt zuwa Darmstadt, Rudolf Caracciola ya yi gudun kilomita 432.7 a awa a cikin Mercedes da aka lulluɓe jikinta gaba ɗaya. A safiyar nan Bernd Rosemeyer ya fita da Auto Union don ya karya wannan adadi, motar ta ƙwace masa, ya mutu nan take. Wannan mota ta Caracciola ce Mercedes ta kwaikwaya a 2018 da EQ Silver Arrow, ita ma mai kujera ɗaya, mai lantarki, wadda kamfanin ya ce tana da ƙarfin doki 750. Lura da bambancin: adadin Caracciola alƙalai ne suka auna da agogo, na EQ Silver Arrow kuwa a takardar kamfani yake.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu abubuwa sun tafi da sauri. An buɗe gasar duniya ta Formula 1 a Silverstone ranar 13 ga Mayun 1950, Giuseppe Farina ya ci da Alfa Romeo 158. A 1958 Stirling Moss ya lashe gasar Ajantina da ƙaramar Cooper mai inji a baya, cikin shekara uku dogon hanci ya zama tarihi. Lotus 25 ta 1962 ta mayar da bodi da shasi abu ɗaya. McLaren ta zo da jikin zaren kabon a 1981, mutane na cewa zai farfashe kamar tangaran, sai John Watson ya yi mummunan hatsari da ita a Monza, motar ta rabe, ya fito da ƙafarsa. Daga nan gardama ta ƙare.

Motar baje koli kuwa ba ta da ranar tsere da za a kama ta da ƙarya. Wadda ake ɗauka ta farko ita ce Buick Y-Job ta 1938, aikin Harley Earl na General Motors, mai fitilu masu ɓuya da gilasai masu hawa da lantarki. Shi dai ya yi shekaru yana hawan abarsa a titi. Da yawa daga cikin waɗanda suka biyo baya ba su kai haka ba. Ford Nucleon, wadda aka ce za ta yi tafiya da makamashin nukiliya, ƙaramin samfuri ne da bai wuce a ɗora a tebur ba. Audi Avus ta 1991, mai jikin alminiyam yana ƙyalli kamar madubi don tunawa da Auto Union, injin da aka gani a bayanta na katako ne da roba. Ba yaudara nake cewa suna yi ba, kowa a sana'ar ya san haka ake yi. Kamfani yana gwada idon jama'a ne kafin ya zuba kuɗi a injinan buga bodi, yana ba masu zanensa fili su sake, yana kuma neman a yi maganarsa a jaridu. Komawa ga tsohuwar siffa na da dalili na musamman yanzu. Motocin lantarki ba su da rugugin inji, kusan dukkansu batir ne shimfiɗe a ƙasa da bodi a sama, sai kamfani ya rasa abin da zai bambanta shi da maƙwabcinsa. Tarihi ne abin da sabon kamfani ba zai iya kwafa ba, shi ya sa masu shi ke fito da shi, marasa shi kuma su ƙago.

Dalilin da ya sa ba a sayar da su a yadda aka nuna su, doka ce da kuɗi. Motar titi sai ta ci jarrabawar karo, sai gabanta ya zama ba zai yi wa mai tafiya a ƙasa mummunan rauni ba, fitila da madubi da bamba kowanne da ƙa'idarsa, hayaƙi da iyakarsa. Dubi abin da ya faru da Mercedes da kanta. A 2017 a Frankfurt ta nuna Project One, ta yi alkawarin sa injin Formula 1 na gaske, mai lita 1.6, a motar titi. Injin tsere ko a silo yana juyi wajen 5,000 a minti, dokar hayaƙi kuwa na buƙatar ya sauko kusa da 1,200 ba tare da ya mutu ba. Wannan da makamantansa suka ci shekaru, sai a 2022 aka fara ƙera ta, guda 275 kacal, kuma bayan kilomita 50,000 sai an sauke injin an sake ɗaure shi.

A kan tambayarka ta ƙarshe, ni dai ina tare da motocin tsere, musamman na farko-farko, lokacin da motar tsere da ta titi 'yan ɗaki ɗaya ne. Wili mai kwancewa, wilin alminiyam, bawul huɗu, duk can aka gwada su da wuta. Ko canza giya da yatsu a bayan sitiyari, Ferrari ce ta fara a motar tserenta ta 1989 kafin ta kai shi motar titi a 1997. Amma kada masu talla su ruɗe ka cewa komai daga filin tsere ya fito. Bel ɗin da ke ratsa ƙirji da ƙugu, wanda ya ceci rayuka fiye da duk abin da na lissafa, Nils Bohlin ne ya ƙirƙiro wa Volvo a 1959, ba ruwansa da tsere. Birkin da ba ya kulle taya daga jiragen sama ya gangaro. Abin da motar baje koli ke ba ka yawanci fuska ce: yankan fitila, siffar gaba, tsarin allon da ke gaban direba, waɗanda za ka gani a motar kasuwa bayan shekara uku ko huɗu an rage musu gishiri.

Akwai 'yan kaɗan da suka fita daban, kuma da su nake auna sauran, don ba girin-girin ba, ta yi mai. Mercedes Vision EQXX ta 2022 ba a bar ta a kan dandamali tana juyawa ba. A watan Afrilu aka tuƙa ta daga Sindelfingen a Jamus, ta haye tsaunukan Alps, zuwa Cassis a gaɓar tekun Faransa, kilomita 1,008 da caji ɗaya, a cikin sauran motoci a titi, kuma batirin bai ƙare ba. A watan Yuni ta yi kilomita 1,202 daga Stuttgart zuwa Silverstone. Batirinta bai kai kilowat-awa 100 ba, kuma injiniyoyin da ke ƙera injin Formula 1 na kamfanin a Brixworth ta Ingila suna cikin waɗanda suka yi aikin. Ƙarfinta ba wani abin a zo a gani ba ne, sirrin yana ga rashin nauyi da yadda take yanka iska. Ma'aunin turjiyar iskarta 0.17 ne (ƙarancin wannan adadi shi ne santsin mota a iska), an ƙanƙantar da gabanta, an matse tazarar tayoyin baya, rufin ya gangara har wutsiya. Mercedes EQS, wadda ke cikin motocin kasuwa da suka fi kowa santsi a iska, tana kan 0.20, kuma ba don injiniyoyi sun kasa ba. Mai sayen mota yana son wanda ya zauna a kujerar baya ya miƙe wuyansa, yana kuma son but ɗin ya ɗauki akwatuna.