Tambaya da Amsa: Jarumtar da ke Ƙofar Gida

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan acaba ne a Marwa ta Kamaru, shekaruna 24. Abokaina biyu sun bi hamada sun tafi Libiya, kullum hotunansu nake gani a Facebook. Ni kuwa daga unguwar Domayo zuwa kasuwa, daga kasuwa zuwa Domayo. Sai in ji kamar rayuwata ba ta da labari. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka tuna abin da ya mai da Bayajidda jarumi. Ya sauka Daura, ya nemi ruwa wurin tsohuwa Ayana, ta ce macijin rijiyar Kusugu ba ya barin a ɗiba sai ranar Juma'a. Ya je ya kashe shi, gari ya sha ruwa. Ka ga matsalar gida ce ya warware. Kuma kafin nan sai da ya tsaya a Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa, bai je wa maciji da hannu biyu ba.

To, fara da sa wa naka macijin suna. "Talauci" ya yi faɗi da yawa, ba a san inda za a sare shi ba. Ka ce: babur ɗin nan na mai gida ne, ina son nawa. Sai ka yanka tafiyar zango-zango. Sefa 500 a rana, kwana shida a mako, sefa 3,000 ke nan. A shekara 156,000. Ka sami ƙaramin littafi kana rubutawa kowane dare, kuɗin kuma su shiga adashi ko asusun waya tun kafin ka zauna majalisa, domin kuɗin aljihu ba sa kwana. Inda yawanci ake faɗuwa shi ne a ɗora adashi mai nauyi saboda kunyar abokai, wata biyu a kasa zubi, a ci bashi. Ka ɗauki wanda za ka iya biya ko a ranar da kasuwa ta yi sanyi.

Wuƙarka ita ce mashin. Ka sauya baƙin mai kusan kowane kilomita 1,000 saboda ƙurar hanyoyinmu. Da hunturu ka riƙa tsabtace matatar iska kowane mako. In ta toshe, mashin zai sha fetur ya rasa ƙarfi. Sarƙa ta riƙa motsi kamar faɗin yatsu biyu: ta yi tauri ta cinye haƙora, ta yi sako-sako ta zame a tsakiyar titi. Hular kwano kuwa a kai take aiki, ba a rataye a madubi ba.

Abu ɗaya muke roƙonka da babbar murya. A watan Maris da Afrilu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, wasu na haɗiyar tramol wai don su jure. Wannan ganganci ne. Ƙwayar tana rufe gajiya ne kawai, tana kama jiki, kuma in ta yi yawa tana kawo jijjiga, wani lokaci mutum na bisa mashin da fasinja a bayansa. Jarkar ruwa da hutun awa ɗaya bayan azahar sun fi ta.

Tambaya: Daga Kusiri nake. Ɗana mai shekara 16 ya raina noma, wai aikin waɗanda ba su waye ba ne.

Amsa: Hajiya, faɗa ba zai juyo da shi ba. A ba shi gona tasa ta masakwa, wadda Fulani ke ce wa muskuwari, 'yan Cadi kuma berebere, ko da kwata ɗaya ce, wato rubu'in hekta. Dawa ce da ke nuna ba tare da ruwan sama ba, da laimar da ƙasar karal, wato ƙasa mai yumɓu da ruwa ke kwanciya a kanta da damina, ta riƙe. Wajen Agusta zuwa Satumba ake yafa iri, bayan kwana 30 zuwa 40 a cire, a datse ganye da saiwa. Da ruwa ya janye, wajen Oktoba, sai a soka sanda mai tsini, a zuba ɗan ruwa a ramin, a sa dashe biyu. In tazarar mita ɗaya ce, ramuka 2,500 ke jiransa, kowanne da hannu, cikin rana. Ki gaya masa wannan adadin tun farko. Yaro na son abin da zai ce shi ya gama.

A kula da lokaci. Aka yi gaggawa ƙasa na jagab, dashe ya ruɓe; aka makara ta tsage, saiwa ba za ta kai ga laima ba. Da zangarniya ta fito sai gadin jan baki safe da yamma. Girbi wajen Fabrairu, kuma buhunan nasa ne: shi zai kai kasuwa, shi zai yi ciniki, shi zai ƙirga kuɗin a gabanki.