Sunan da suke kiranka da shi nake fara saurara

Ƙanena, ka tambaya ko daga wa'azi da saƙonnin muryar da 'yan ta'adda ke bazawa ana iya gane inda za su kai hari. Na daɗe ina aiki a rediyon karkara nan jihar Tawa, kuma fatake da makiyaya da yawa sun miƙo mini wayoyinsu don in saurara. Rana da wuri ba sa faɗa. Amma irin mutanen da suka sa wa ido, bakinsu na tona su tun da sauran lokaci.

Ni sunan da suke kiran mutum da shi nake fara saurara. Farkon zuwansu gari, sai ka ji "'yan'uwanmu musulmi", su ce ba su da rigima da talaka, da soja da gwamnati suke yi. Daga nan sai maganar zakka ta shigo, a ƙirga shanun mutum a ɗiba da ƙarfin bindiga. Ranar da ka ji an daina cewa ɗan'uwa, an koma "murtaddi", ko "ɗan rahoto", ko "yaran ɗagutu", to, an halatta jinin wannan mutumin ne a gaban yaransu. Matashin da ke riƙe da bindiga ba ya harbin wanda ya ɗauka ɗan'uwansa ne, dole sai an fara sauya masa suna a kunnensa. Haka aka yi a Ruwanda a 1994, rediyon RTLM ya yi ta kiran 'yan Tutsi kyankyasai.

Wani dillalin shanu ya taɓa kunna mini wata murya a bayan ofis, hannunsa na rawa. Mai maganar bai ɗaga murya ba, a natse yake lissafa maigari, liman da mushen lakwal, wato malamin makaranta, yana cewa su ke kai wa soja labari. Wannan natsuwar ta fi tsorata ni a kan duk wani ihu, domin ya bar zagin Faransa da Amurka, wanda kullum ne ba ya nuna komai, ya sauko kan mutanen da kowa ya san ƙofar gidansu.

Ka tuna Janairun 2015, lokacin da Shekau, shugaban Boko Haram na wancan lokacin, ya fito a bidiyo yana ambaton shugaban Nijar na lokacin Mahamadu Isufu yana barazana. Ranar 6 ga Fabrairu suka afka wa Bosso da Diffa. Na kusa da mu kuwa ba mu manta ba: 21 ga Maris 2021, Intazayene, Bakorat da Wistane a yankin Tillia, gwamnati ta ce an kashe mutum 137. Kafin nan, 2 ga Janairu, Tchombangou da Zaroumdareye a Tillaberi, kusan mutum 100. Allah Ya jiƙansu. Wannan kashe-kashen ya zo ne lokacin da garuruwa suka fara ƙin biyan zakkar ko kafa 'yan banga, su kuma suka fara lissafa gari sukutum a matsayin abokin gaba, har tsoho da yaro.

Sai dai ka yi hattara, don Allah. Wata muryar tsohuwa ce aka sake yaɗawa, wata daga Mali ko Najeriya take, wata kuwa maƙiyin mutum ne ya shirya don a kama shi. Na ga an tsangwami Bafulatanin da bai ji ba bai gani ba saboda irin wannan, kuma abin na ci mini rai, don shi ma shanunsa ake kwashewa.

In murya ta faɗo wayarka tana ambaton gari, kasuwa ko muƙamin wani, kada ka tura ta cikin zauren WhatsApp. Rubuta ranar da ta zo da wanda ya turo maka, ka kai wa jandarma ko maigari da kanka. Dillalin nan haka muka yi da shi, ni na raka shi bayan la'asar.